Tikitin da ba a hau ba: ina kuɗinsa ke tafiya?

HAUWA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Nasiru muna tare da Malam Sani, wanda ya daɗe yana yankar wa mutane tikitin jirgi a Kano. Malam, sannu da zuwa.

MALAM SANI: Yauwa Hauwa, sannunku da aiki.

HAUWA: Ni na kawo maganar, don abin ya ci mu a gida. Da azumin da ya wuce muka yankar wa Inna tikitin Umara, Kano zuwa Jidda da dawowa. Ta ɗaure jakarta, har dambun naman guzuri an zuba a roba. Ranar tafiya ta zo, biza ba ta fito ba. Hankalinmu duk yana kan biza, ba wanda ya tuna da tikiti. Sai bayan kwana uku muka je ofishin da muka saya.

MALAM SANI: Kun kira an soke kafin jirgin ya tashi?

HAUWA: Ba mu kira ba, Malam.

MALAM SANI: To nan gizo ke saƙar. A wurin kamfanin jirgi, wanda ya ce ba zai zo ba daban, wanda aka jira bai zo ba daban. Na farkon ya ba su damar sayar wa wani kujerar. Na biyun ya sa kujera ta tashi ba kowa, shi muke cewa no-sho a ofis. Tararsa ta fi yawa, wani tikitin mai arha ma mutuwa yake yi gaba ɗaya. Kuma in ba ka hau na tafiya ba, na'ura da kanta take soke na dawowa. Na ga ɗan kasuwar da ya rasa jirgin tafiya, ya bi wani jirgin, ranar dawowa ya je filin jirgi da katan-katan na kaya aka ce masa ba sunansa.

NASIRU: Innalillahi. To wanda ya kira da wuri fa, Malam? Ni abin da ke ɗaure min kai, a ce maka kuɗin canji kaza ne, in ka zo biya ka ga ya ninka.

MALAM SANI: Ai kuɗi biyu ne, mutane ɗaya suke ji. Akwai tarar canji, wadda aka rubuta a ƙa'idar tikitin tun ranar saye. Sannan akwai ciko, wato bambancin farashin tsohon tikiti da na sabo. A jirgi ɗaya, kujerun talakawa kansu mataki-mataki ne, kowane da harafinsa da farashinsa, masu arha su ke fara ƙarewa. A ce ka saya dala 900, tara dala 150. Ranar da kake son komawa masu arha sun ƙare, sai na 1,100. Ka ga 150 da 200, dala 350 ke nan. A goman ƙarshe na azumi, cikon kaɗai yana iya fin tarar nesa ba kusa ba. Ga shi farashin tafiya waje da dala ake sa shi, a juya zuwa naira da canjin ranar da ka zo biya.

NASIRU: In kuma sabon ya fi tsohon arha?

MALAM SANI: Madalla, wannan ce tambayar da ba a yi mana. Mu riƙe misalin nan: 900 a cire 150, saura 750. Sabon tikiti 600. Ina 150 ɗin da ta rage? Wani kamfanin zai ba ka bauca ta na'ura, wadda muke kira EMD, ka yi amfani da ita wata tafiyar. Wani kuma ƙa'idarsa ta ce ragowar ta zama tasa. Shi ya sa kafin ka ce wa ejan ya danna, ka tambaye shi: ragowar tawa ce ko ta tafi? In ta tafi, gara ka zaɓi tafiyar da za ta cinye kuɗin duka.

HAUWA: Baucar nan, ana iya ba wa wani? Misali ƙanina ya yi tafiya da ita.

MALAM SANI: Galibi a'a, sunan da ke kan tikiti shi ke kan bauca. Amma abin da ya fi kashe kuɗin mutane shi ne wa'adi. Tikitin da ba a taɓa hawa ba, a yawancin kamfanoni shekara ɗaya gare shi, kuma daga ranar da aka yanka ake ƙirgawa, ba daga ranar tafiya ba. Mutum ya saya a Janairu don tafiyar Yuni, ya ɗauka yana da lokaci har wata Yunin, ashe tun Janairu an rufe. Sai kuma ka tambaya: kafin ranar nan, sake yanka kawai ake so, ko sai an tashi? Kamfanoni sun bambanta a nan.

NASIRU: Na ji a Amurka sun daina karɓar tarar ma.

MALAM SANI: Haka ne, lokacin korona. A ƙarshen Agustan 2020 kamfanin jirgin United ya soke tarar dala 200 ta tafiyar cikin gida, kamfanonin Delta da American suka bi sahu. Amma tikiti mafi arha bai shiga ba, kuma ciko yana nan daram. Abin da zai amfani namu masu zuwa can shi ne dokar awa 24: in ka saya kai tsaye daga kamfanin jirgi, saura kwana 7 ko fiye a tashi, dole su ba ka awa 24 na canja shawara ba tara, ko dai su riƙe maka kujerar kafin ka biya, ko su mayar maka da kuɗinka.

HAUWA: Duk wannan in fasinja ne ya fasa. In su suka soke jirgin fa?

MALAM SANI: Nan magana ta juya, haƙƙinka ne a ba ka kuɗinka, ba bauca ba, sai in kai ka so. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, a sashe na 19 na dokokinta na 2023, ta ce wanda ya biya tsaba a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki cikin kwana 14. A Tarayyar Turai, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 kwana 7 ta ba su. Abin da ke ba ni takaici, sai ka ga an miƙa wa dattijo bauca a teburin kamfanin jirgi, ya karɓa yana godiya, bai san da karɓar nan ya sarayar da kuɗinsa ba.

NASIRU: Gaskiya abin da ciwo.

MALAM SANI: Kuma ko tikitin da aka rubuta ba a mayar da kuɗinsa, akwai harajin filin jirgi a ciki, wanda ba a cin sa sai an tashi. Sau da yawa ana iya neman wannan. Ba shi da yawa, amma naka ne. Sai dai in ta hannun ejan ka saya, wurinsa za ka koma, kamfanin jirgi zai ce ba shi ya yanka ba.

HAUWA: To Malam, na Inna fa? Mu tun ranar da aka ce an ci mu tara muka haƙura, muka ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

MALAM SANI: Kina da takardar a waya?

HAUWA: Ga ta nan. Akwai wasu haruffa shida a sama.

MALAM SANI: Ki bar waɗannan, lambar ajiyar kujera ce, tana ɓacewa daga na'ura bayan tafiya ta wuce. Duba ƙasa, akwai lamba mai alƙaluma 13, ita ce tikitin kansa. Kusa da ita akwai ranar da aka yanka.

HAUWA: Na gani. 12 ga Fabrairu.

MALAM SANI: Yanzu muna Disamba, kin ga saura wata biyu. Gobe da safe ki je ofishin da lambar nan da fasfon Hajiya, ki ce su buɗe su gani ko tikitin yana raye. In yana raye, su rubuta miki a takarda nawa ne tarar rashin zuwa, nawa ne na canji, nawa ya rage. Ki kawo min takardar mu duba tare kafin ki amince da komai.

HAUWA: In sha Allahu ƙarfe tara ina ƙofarsu. Allah Ya saka da alheri, Malam.

MALAM SANI: Amin. A gaida Hajiya, Allah Ya kai ta ɗakinsa.

NASIRU: Amin summa amin. Masu sauraro, sai mun haɗu a mako na gaba.