Amsoshin Tambayoyinku: Kara a gona lokacin fari

Toh jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko daga wani bawan Allah ce a Giwa, yace bara ruwa ya ɗauke daidai lokacin da masara ke goyo, tashi ta yi yaushi ganye ya nannaɗe amma ta maƙwabcinsa da ya bar kara a kwance tsakanin kunya ko a jikinta, wai shin karan ne ko kuwa taki ya fi shi zubawa?

Malam, yawanci karan ne. Ƙasar da take tsirara rana na dukanta iska na busar da ita, danshin sama ya tsere, kuma idan ruwa mai ƙarfi ya sauka a kanta sai ta yi ɓawo, na gaba in ya zo ya kwarara kawai ya tafi rafi. Kara shi ke tare duka biyun. In kana so ka gani da idonka, ka je da azahar ka ɗaga karan ka tura yatsa, za ka ji ƙasar da sanyi har tana kama hannu, taku ɗaya gefe kuwa sai ƙura. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce a rufe aƙalla kashi 30 cikin 100 na fuskar ƙasa, ba wai ka watsa kara uku nan biyu can kace ka rufe ba. Amma fa gaskiya kara baya kawo ruwa, kwanaki yake ƙara maka, in fari ya yi tsawo sosai kowa sai ya ji a jikinsa. Kuma ɗanyen aiki ne ka rufe ƙasar da ta riga ta bushe, a rufe bayan ta sha ruwa.

Na san za a ce mu nan Zariya kara ai kuɗi ne, ga danga ga girki ga dabbobi, harawar wake da ta gyaɗa kuwa babu mai barinta a ƙasa. Naji, a kwashe harawa a bar ko rabin karan, ƙonawar nan ce dai bana goyon baya sam.

Wata Hajiya kuma daga Shika tana tsoron kada barin kara a gona ya jawo mata gara da tsutsa. Hajiya, gara ta fi son busasshen kara, kuma ramukan da take yi suna taimakawa ruwa ya shige ƙasa, a dai ɗan janye karan daga gindin shuka. Tsutsar kara kuwa a cikin karan dawa take kwana duk rani, shi yasa gara a sare shi a shimfiɗa a kwance rana ta gasa shi maimakon a jingine shi a inuwa. In kinga masara ta ɗan yi ɗorawa-ɗorawa da farko, karan ne ke jan sinadarin abincin shuka daga ƙasa yana ruɓewa, ki ƙara mata takin yuriya kaɗan. Mai son ƙarin bayani ya leƙa Samaru wajen malaman gona na IAR (cibiyar binciken aikin gona) ko NAERLS (cibiyar yaɗa ilimin noma ga manoma).