Renon Itatuwanmu na Gida da Sanin Lokacin Furensu

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zama na manoma, masu lambu da ɗaliban aikin gona a Maraɗi.)

Assalamu alaikum. Iyayena maza, iyayena mata, malamai, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Babu wanda zan koya wa sassaben zamani, wato renon tohon kututture a gona har ya zama icce, a ɗakin nan, domin a ƙasarmu ya kafu. Tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya lura cewa ƴan tsirran da muke sarewa a gona toho ne na kututturan da ba su mutu ba, manoman Maraɗi suka karɓi aikin, suka kai shi inda ba a zata ba. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar, galibinsu tsakanin jiharmu da Damagaram. Duk wanda ya je Ɗan Saga, wajen Agiye, ya gani da idonsa.

Amma ku shiga gonar, ku ƙirga abin da ya dawo. Sabara ce, kalgo, taramniya, sai gawo. Ina danya? Ina kanya, ina ɗorawa, ina tsamiya? Sassabe yana tayar da icce ne idan saiwarsa tana nan da rai. Wanda saiwarsa ta mutu, sai an shuka shi da hannu. Kuma a nan muke da rauni, domin wuraren renon itatuwanmu sun ƙware a bedi da turare da mangwaro, itatuwan da aka kawo mana daga waje, alhali na gida, masu ba mu miya da marmari, mun bar su ga sa'a.

In ka tambayi manomi me ya hana shi shuka kuka, amsa biyu zai ba ka: iri ba ya tsira, kuma ko ya tsira, sai jikoki za su sha ƴaƴan. Duka biyun gaskiya ne, kuma duka biyun bincike ya samo musu magani.

Ta farko mai sauƙi ce. Ƙwayar kuka da ta gawo da ta bagaruwa suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa. A daji, cikin akuya ko saniya ne ke lallasa ɓawon, shi ya sa kuke ganin ƴan gawo suna fitowa inda dabbobi suka kwana. A wurin reno, sai ka ɗan kankare gefen ƙwayar da reza ko ka goga ta a dutse, nesa da idon tsiro, ka jiƙa ta kwana ɗaya. Ko ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba iri ka bar shi ya huce a ciki. A ɗakin bincike ana amfani da asid, amma ban yarda kowa ya kai shi gida ba, yana ƙona hannu da ido. Abin da ya fi kashe gawo ma ba iri ba ne, leda ce. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa da sauri neman ruwa, in ta daɗe a leda sai ta nannaɗe, ka dasa icce da ba zai taɓa kai ga ruwan ƙasa ba. Ko dai ka dasa shi da wuri, ko ka shuka ƙwayar kai tsaye a gona ka yi mata shinge.

Ta biyun ce nake so mu daɗe a kanta. Icce ma yana da ƙuruciya. Kukar da ta fito daga ƙwaya tana iya kai shekara 8 har zuwa 20 da ƴan kai kafin ta yi furen fari, kuma duk takin da ka zuba ba zai sa ta tsallake wannan ba. Amma reshen da ka yanko daga babbar kuka mai haihuwa ya riga ya balaga. In ka yi masa aure da ƴar kuka ƴar shekara ɗaya ko biyu, wato ka ɗora shi a kanta su haɗe, saiwa ta yarinya ce, kai kuwa na babba ne, kuma bai manta shekarunsa ba. Gwajin da aka yi a Mali ya nuna kuka mai aure tana fure cikin ƙasa da shekara 5. Wani amfanin kuma, wanda a ganina ya fi wannan: abin da ka yanko shi za ka samu. Iyayenmu mata sun san kukar da ganyenta ke da daɗin miya da wadda ke da ɗaci, sun san wadda garin ƴaƴanta ke da zaƙi. Ƙwaya ba ta riƙe wannan alkawari, reshe yana riƙewa.

Misalin da ya riga ya shigo hannunmu shi ne magarya. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, an yi aikin aurar da irin Indiya, kamar Gola da Seb da Umran, a kan magaryarmu ta daji. Saiwar tamu ce, mai jure fari, ƴaƴan kuwa manya, ninkin na daji sau da yawa, su ne ake kira tuffar Sahel. Ba sai ka sayi dashe ba ma. Magaryar da ta tsiro a gonarka, ka sare ta, ta yi sabon toho, ka yi auren a kansa.

Ga wani abin da ake yawan tuntuɓe da shi. Danya da kanya da goruba, akwai namiji akwai mace, kowanne iccensa daban. Mutum ya reni danya shekara da shekaru, sai ta zama namiji, ko ɗa ɗaya babu, ya ce ƙasar ce ba ta karɓe ta ba. Danya tana kamawa in ka yanki reshe mai kauri ka dasa, to ka yanko daga macen da ka san zaƙinta. Sai dai kada a sare mazan duka, in babu su macen ma ba za ta haihu ba. Goruba kuwa ba a yi mata aure, sai ƙwallo da haƙuri, shi ya sa kare kabar Gulbin Kaba daga yankan da ya wuce kima ya fi kowace shuka muhimmanci.

Yanzu fure. Me ke gaya wa tsiro lokaci ya yi? A 1920 wasu masu bincike biyu a Amurka, Garner da Allard, suna aiki a kan taba, suka gano cewa wasu tsirrai tsawon yini suke aunawa. Daga baya aka gane tsawon dare ne ainihin ma'aunin, kuma ganye ne ke ji, ya aika saƙo zuwa kan reshe. Za ku ce mu nan ai dare da rana kusan ɗaya suke. A Maraɗi bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta ya kai wajen awa ɗaya da rabi, kuma tsirranmu suna jin abin da bai kai haka ba. Ku dubi maiwa: ko ka shuka ta da ruwan fari ko ka makara, sai ƙarshen damana take fitar da kai. Haka yakuwa, haka wakenmu na gargajiya mai yaɗo. Masu noman furanni a Turai da wannan suke wasa, su rufe da baƙin ƙyalle don tsawaita dare, ko su kunna fitila don katse shi, fure ya zo ranar da kasuwa ke so. Ƙannena ɗalibai, wannan gwaji ne da ba ya bukatar kuɗin waje. Tukwanen yakuwa, baƙin ƙyalle, da littafin rubutu, kun fara.

A manyan itatuwa kuwa, ruwa da sanyi da wuƙa sun fi tasiri. Masu lambun Gulbi da Jiratawa sun san in aka ɗauke wa mangwaro ruwa gab da hunturu, sanyin dare ya same shi yana hutawa, fure ya fi yawa. Magarya a sabon reshe take fure, saboda haka wanda ya yi mata aski a bazara kafin ruwa ya sauka shi ke cika kwando. Kuka kuma, in ana zage ta kowace shekara don miya, ba za ta samu ƙarfin fure ba. Maganin shi ne a raba aiki: a shuka ƴan kuka da yawa a fangali kamar alayyafo don ganye, a bar manya su haihu. Furen kuka da yamma yake buɗewa, dare ɗaya ne aikinsa, kuma jemage ne ke kai masa garin haihuwa, haka ma ɗorawa. Yaran da ke harbin jemagu da danƙo, a gaya musu abin da suke ragewa.

Akwai magunguna. A Filifin an gano fesa gishirin fotash mai naitret yana sa mangwaro fure, akwai kuma wanda ake zubawa a gindi ya hana icce tsawo ya tura shi ga fure. Na biyun yana daɗewa a ƙasa, kuma a kan itatuwan kasuwa aka auna su. Ni ban ga dalilin da za mu fara daga nan ba, alhali ko kalandar furen danya da kanya a jiharmu ba mu rubuta yadda ya kamata ba. Gawo da muke kwana a ƙarƙashinsa, mai zubar da ganye da damana ya yi toho da fure in ruwa ya ɗauke, har yau masana suna muhawara kan abin da ke kunna masa wannan agogo.

Abin da nake roƙo ga cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN ta Tarna, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shi ne a fita ƙauyuka a yi rajistar itatuwa iyaye, a tambayi tsofaffi mata wace danya, wace tsamiya, wace kuka ce ta fi, a ɗauko rassansu a tara a lambu ɗaya tun gatari bai riga mu ba.

Baba da ke gaba ya tambayi yaushe ake auren. Baba, lokacin da ɓawo ke saɓuwa da sauƙi, icce yana cikin toho. Ka yanko reshen da sassafe, mai kaurin fensir, ka cire ganyen, ka naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma. Wuƙa ta zama mai kaifi da tsabta, yanka ɗaya, ɓawo ya haɗu da ɓawo, ka ɗaure da leda sosai kada iska ko ruwa su shiga. Bayan mako biyu zuwa uku za ka ga ido ya kumbura. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin, ka cire shi, in ba haka ba na daji zai rinjayi wanda ka ɗora. In mun tashi, akwai ƴan magarya a waje, duk mai wuƙa ya biyo ni mu gwada.