Sikil a Dajin Suda: Iska, Birki da Itacen Ar'ar

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk inda kuke kallonmu.

Yaron da ya tashi a unguwar Shari'a Mansur ko Hindawiyya a Makka, in ka ce masa akwai daji a Saudiyya, dajin da hazo ke rufe mutum har ya daina ganin na gabansa, zai ce zolayarsa kake yi. To ga shi a gabanku. Nan Suda ce, yamma da Abha a lardin Asir. Abha kanta tana sama da mita 2,200 daga bakin teku, kan dutsen Suda kuwa ya kai wajen mita 3,000. Waɗannan itatuwa da ba sa kaɗe ganye duk shekara su ne Larabawa ke kira ar'ar. A tsakaninsu matasa ke ratsawa da keke, ko sikil kamar yadda muke faɗa a Hijaz.

Sai dai ba irin sikil ɗin da ake aiken yaro sayo burodi da shi ba ne, wannan keken dutse ne. Dubi tayar nan, mai kauri da haƙora don ta kama tsakuwa. A gaba akwai shok mai shanye girgiza, wani keken har da na baya. Giyarsa tana da laushi ƙwarai, ta yadda ƙafa za ta yi ta juyawa keke na hawa a hankali kamar jaki da kaya. Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne wannan faifan ƙarfe da ke tsakiyar taya, wato birki.

Tarihin wasan ma da birki ya fara. A shekarun 1970, wasu samari a Kalifoniya ta Amurka suka riƙa gangaro duwatsun yankin Marin da tsofaffin kekuna. A 1976 suka fara wata tsere da suka sa wa suna Repack, saboda kafin mutum ya iso ƙasa birkin ya yi zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an sake cusa wani. Shekara 20 bayan haka, a 1996, keken dutse ya shiga gasar Olamfik a Atlanta. Kekunan sun canza, amma matsalar da ta ba tseren suna tana nan tana jiran ka a Asir.

Kafin mu kai can, bari mu yi maganar numfashi. Jidda a bakin teku take. A mita 3,000, kowane numfashi yana ba ka wajen kashi 70 cikin 100 ne na abin da ka saba samu a gida. Shi ya sa saurayin da ke cin kilomita 40 a Kornish, titin bakin tekun Jidda, ba tare da ya ji komai ba, zai hau ɗan tudu a Suda ya tsaya yana haki, kansa na sarawa. Ba lalaci ba ne, jiki ne bai saba ba. Kwana ɗaya ko biyu a Abha kafin a hau keke yana rage abin. Wanda yake Makka kuma yana da makaranta kusa da gida: Hada da Shafa a Ɗa'if, inda tsayin bai kai haka ba amma ƙirji zai fara koyon darasi. Sanyi ma lissafi ne, duk mita 1,000 da ka hau zafi kan ragu da kusan digiri 6. Ka bar Jidda kana zufa, ka iso nan kana neman rigar sanyi a watan Yuli.

Yanzu ga gangara. Duwatsun Sarawat, waɗanda Suda ke kansu, ba a hankali suke sauka ta yamma ba, yankewa suke yi, su faɗa zuwa Tihama, ƙasar da ke tsakaninsu da teku. Can ƙasa, inda kuke hango dogayen gidajen dutse, Rijal Alma ce. Hanyar da ke saukar da mutum daga sama zuwa can ita ake kira aƙaba, hanya ce mai kwana-kwana, babu wurin hutawa. Sabon shiga, da tsoro ya kama shi, sai ya danne birki ya ƙi saki. Faifan ya yi ta ɗaukar zafi, ƙarfin kamun ya ragu, ka ja hannu ka ji kamar soso kake matsawa. A lokacin kuwa kwana ta gaba ta iso.

Masu gwaninta ba haka suke yi ba. Sukan matsa da ƙarfi kafin kwana, su saki a cikinta, birki ya sha iska. Yatsa ɗaya a kan kowane hannun birki ya isa, sauran yatsun na riƙon keke ne. Mutane da yawa suna tsoron birkin gaba, wai yana kifar da mutum, alhali shi ne mai tsayar da keke a gangara. Na baya shi kaɗai jan taya kawai yake yi a kan tsakuwa. A sauke sirdi ƙasa, a miƙe a kan feda, gwiwa da gwiwar hannu a sake, ido ya tafi inda ake son zuwa. Wanda ya zuba wa dutse ido, wallahi dutsen zai je ya samu. Hular kwano kuwa dole ce, ba ma sai mun tsaya a kanta ba.

Ƙaya ma tana da rabonta. Da zarar an fara sauka daga yankin ar'ar sai a shiga na ɗalh, dangin bagaruwa, kuma ƙayarsa ba ta san tsadar taya ba. Mafi yawan masu hawa sun koma taya marar tiyub, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai toshe huda da kansa. Duk da haka a riƙe famfo da tiyub guda a jaka.

Akwai abin da nake so mu Hausawan nan mu riƙe, domin baƙi muke a wannan yanki ko da takardunmu sun cika. Yawancin 'yan siraran hanyoyin nan ba don keke aka yi su ba. Ƙafar manoma da jakuna ce ta fitar da su, daga ƙauye zuwa gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa. Har yanzu za ka yi karo da garken awaki, ko dattijo mai duba amyoyin zumarsa. Sauka daga keke, yi sallama, bar shi ya wuce. Birai kuma, manyan nan irin na hanyar Hada, kada a ba su abinci, kada a buɗe jaka a gabansu.

Shi ar'ar a hankali yake girma, kuma hazon da ke damun mai keke shi ne ruwan shansa: yana taruwa a ganye ya ɗiga a gindi. A wurare da dama, musamman ƙasa-ƙasa inda hazo bai isa sosai, za ka ga ya bushe a tsaye. In mutum ya yanke hanya ya ja birkin baya, tayar takan tona ɗan rami. Ruwan sama na farko zai bi ramin, na biyu ya faɗaɗa shi, daga nan saiwa ta fito fili. Tun farkon shekarun 1980 aka keɓe yankin a matsayin gandun ƙasa na Asir, kuma a 2021 asusun zuba jari na gwamnati ya kafa kamfanin raya Suda. Saboda ayyukan da ake yi, wasu wurare kan kasance a rufe, don haka a tambayi 'yan Abha kafin a ɗaura keke a mota. Wanda Baha ta fi masa kusa, dajin Ragadan ma ar'ar ne.

Batun lokaci, ku fita bayan sallar Asuba. A Yuli da Agusta hadari kan taso da rana, kuma ruwan da ya sauka a kan dutse yana iya cika kwarin da kake ciki alhali ko ɗigo bai taɓa ka ba. Kada mutum ya shiga shi kaɗai, don waya kan rasa sabis a cikin kwari. Lambar motar agaji 997 ce, a ajiye ta.

Sannan a shirya da wanda zai biyo ku da mota ya same ku a ƙasa. Mai gangarowa Rijal Alma kafin Azahar zai cire rigar sanyi a rabin hanya, ya iso cikin zafin Tihama da yatsu a sage, ya sha shayi, ya ɗaga kai ya dubi inda ya fito. Ban taɓa ganin wanda ya ce zai koma sama da ƙafarsa a ranar ba.