Lacca: Lis ɗin haɗaka a manhajar simuleshin

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To a matso gaba mana, kujerun nan na gaba ba sa cizo. Yawwa.

Yau abu huɗu nake so mu taɓa a kan lis, wato jerin nan da ake ajiyewa guda ɗaya a cikin model, kwaikwayon masana'anta ko sito da muke ginawa a kwamfuta, kowa na rubutawa a ciki kowa na ɗauka daga ciki. Zan yi amfani da FlexSim ne saboda ita ce a kwamfutocin lab ɗinku, amma wanda ya iya Arena ko AnyLogic kada ya ji an ware shi, tunanin ɗaya ne. FlexSim ɗin daga garin Orem take a jihar Utah ta Amurka, ta fara fitowa a 2003, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2023. Kuma dabarar lis ɗin ta girmi manhajar nesa ba kusa ba, GPSS da Geoffrey Gordon ya ƙirƙira a IBM a 1961 daga baya an saka mata LINK da UNLINK, ka ɗaure abu a sarƙa ka bar shi nan har wani ya zo ya kwance shi bisa sharaɗi. To ba sabon abu ba ne, kwalliya aka yi masa.

Na farko, lis ba layi ba ne. Wannan shi ne inda yawancinku kuke faɗuwa a aikin gida. Layi wuri ne, kaya na zaune a cikinsa a zahiri. Lis kuwa suna kawai yake riƙewa. Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota ya ga allon nan da ɗan kamasho ke rubuta lambar motoci, wace ce ke lodi, wace ce ke bi mata. Motar da ke ta uku a allo tana iya kasancewa can wajen bakanike ana duba mata birki, direban ma yana wajen mai shayi, amma lambarta na nan. To haka lis yake. Katakon kaya yana can zaune a lungun sito, ba ka motsa shi ba, sunansa kawai ka rubuta cewa ga shi yana jiran a ɗauke shi. Shi ya sa sito uku ko biyar za su iya rubutu a lis ɗaya, fokilif goma, motocin nan masu ɗaga kaya, su rika dubawa a wuri ɗaya, ba sai ka ja waya daga kowane sito zuwa kowace fokilif ba har allon kwamfutarka ya koma ba ka gane komai. Na ga model ɗin wani a cikinku, ba zan kama suna ba, wayoyi sun rufe injinan gaba ɗaya. (dariya) Ya san kansa.

Na biyu, aiki biyu ne kawai ake yi wa lis. Za ku ga Push to List, shi ne rubutawa, da Pull from List, shi ne ɗauka. Token, wato 'yar alamar da ke wakiltar kaya ko aiki a cikin model, in ya rubuta kansa zai tsaya nan cak har sai an ɗauke shi, sai dai in ka saka masa agogon iyakar jira, ka ce in ya kai kaza ba a ɗauke ka ba ka wuce. Mai ɗauka kuma yana da lamba biyu, adadin da yake so da adadin da in babu shi ba zai tafi ba. Ka ce kana son 5 amma 2 ma sun isa ka tashi, in ya tarar da 3 zai kwashe ukun ya tafi, in ya tarar da 1 zai tsaya.

To zai tsaya a ina? Nan ne wurin da nake so, ku ajiye wayoyi. Wanda ya zo ɗauka bai samu ba, ba komawa yake ba, shi ma rubuta shi ake yi a wani jeri na masu jira, abin da manhajar ke kira bak oda. Kenan kowane lis fuska biyu gare shi, kaya masu jiran mai ɗauka, da masu ɗauka masu jiran kaya. In ka buɗe tagar lis ɗin lokacin da model ke gudu za ka ga duka biyun, kuma wallahi rabin matsalar da kuke kawo mini ofis da kun buɗe wannan tagar da kun warware da kanku. A ƙa'ida in babu wani sharaɗi, fuska ɗaya ce za ta cika, ɗayar fayau. Ko kaya sun taru babu fokilif, ko fokilif sun taru babu kaya. Amma ranar da ka buɗe ka ga kaya 40 a sama suna jira, ga fokilif 6 a ƙasa su ma suna jira, kowa na kallon kowa, to sharaɗinka ne ya hana su haɗuwa. Ko dai da gangan ka yi, ko ka rubuta shirme. Kuma yawanci na biyun ne.

Sharaɗin nan da salon SQL ake rubuta shi, yaren neman bayanai a rumbun bayanai, 'yan kwamfuta sayans kun gane gida. Misali fokilif ta ce

WHERE type = puller.type ORDER BY distance ASC

wato a ba ni irin kayana kawai, kuma a fara ba ni mafi kusa da ni. Puller ɗin shi ne mai ɗauka, ita fokilif ɗin kanta. Yanzu ku kalli wannan, a ido yana da kyau ko? Mai masana'anta zai so shi, an rage yawo, an rage dizal. To ku gudanar da shi awa takwas na model ku gani. Katakon da ke can ƙarshen sito zai kwana a lis, saboda duk lokacin da fokilif ta juyo akwai wani sabo da ya fi shi kusa. Matsakaicin lokacin jira zai fito da kyau ka yi ta murna, amma akwai oda ɗaya ta wani kwastoma tun safe ba a taɓa ta ba, kuma shi wannan mutumin ba matsakaici ya biya kuɗi ba, kayansa ya biya. Sai ka juya ka ce ORDER BY age DESC, wanda ya fi daɗewa shi ne farko. Adalci ya samu, amma yanzu fokilif na tsallake kaya a gabanta tana tafiya ƙarshen sito tana dawowa. Babu wanda ya fi wani a cikin biyun nan sai ka san me masana'antar ke tsoro, tsadar mai ko fushin kwastoma. Ni abin da na fi so, ka haɗa, a bi kusanci amma duk wanda ya wuce minti 30 a lis ya haye gaba. Kuma daɗin lis kenan, layi ɗaya na rubutu ka canza ka sake gudu, ba ka taɓa injin ko ɗaya ba.

Af, akwai tarko a nan, ku rubuta shi da jan biro. A ce mai ɗauka ya saka sharaɗi cewa sai kayan da ya kai minti 10 a lis, misali bulo ne da aka fito da shi sai ya huce, ko fenti sai ya sha iska. Ya zo ya tarar kayan minti 4 kawai ya yi, sai ya shiga bak oda. Minti 10 ya cika, kuna tsammanin zai farka ya ɗauka? Ba zai farka ba. Lis ba ya zaune yana kallon agogo, yana sake duba masu jira ne in wani abu ya taɓa shi, kamar an rubuta sabon kaya. In babu sabon da ya shigo haka za su zauna har model ya ƙare. Dole ka je saitin lis ɗin ka faɗa masa abin da in ya faru ya sake dubawa, ko kuma, wanda ya fi sauƙi, kada ka rubuta kayan a lis sam sai ya huce. Na maimaita, lis ba ya kallon agogo. Ku faɗa. Ban ji ba. Yawwa.

Ina muka tsaya, na uku ne ko na huɗu? To duk wanda ne. Akwai rabawa gida-gida, abin da ake saka Partition ID, lis ɗaya amma kowane nau'i da ɗakinsa, mai neman nau'i na 2 ba ya ma leƙa sauran, ya fi sauri a babban model. Akwai lis na gida wanda kowane kwafin tsarin ke da nasa, da na duniya wanda kowa ke gani, ku karanta wannan da kanku. Sannan ku riƙa gwada lis da dokar Little ta 1961, yawan abin da ke ciki daidai yake da yawan shigowa sau lokacin jira. In oda 12 ke shiga a awa kuma matsakaicin da ke lis 6 ne, jira rabin awa ne, in rahotonka ya nuna wani abu daban ka koma ka duba. Masu jira ma suna da nasu tsarin fifiko, kana iya cewa... na'am? 'Yar uwa mai tambaya, ɗaga murya.

"Malam, in fokilif biyu suka zo ɗauka a daƙiƙa guda kuma kaya ɗaya ne a lis, wa zai samu? Ba za su ɗauka tare ba?"

Madalla, Allah ya yi miki albarka, wannan ta fi abin da nake shirin faɗa. Ba za su ɗauka tare ba, saboda a cikin irin wannan simuleshin babu tare. Agogon model ba tafiya yake a hankali ba, tsalle yake daga abu zuwa abu. Manhajar tana da nata jerin a ɓoye na abubuwan da za su faru, an jera su bisa lokaci, tana cire na sama ta aiwatar ta gama sannan ta ciro na gaba. Ko da biyu suna ɗauke da lokaci iri ɗaya, a ce daƙiƙa ta 500 cif, ɗaya ne zai riga, ya ɗauke kayan, na biyun ya zo ya tarar babu ya shiga bak oda, alhali agogo bai motsa ba. Abin da ya kamata ya dame ki shi ne wa ke rigan, don in ba ki tsara ba, yadda aka jera su a ciki ne zai yanke, sai ki ga fokilif ta 1 tana aiki kamar za ta mutu ta 2 tana hutu, ki ɗauka wani babban bincike kika gano alhali tsarin jeri ne kawai. Maganinsa ki juya abin, fokilif su rubuta kansu a lis, kaya su zama masu ɗauka, ki ce a ba da wadda ta fi daɗewa ba aiki.

Hasali ma wannan shi ne aikin gidanku, na fasa wancan. Ku gina shi ta fuska biyun, a ɗaya kaya ne a lis, a ɗayan fokilif ne a lis, sito 3, fokilif 2, ku kawo mini yawan aikin kowace fokilif da jira mafi tsawo, ba matsakaici kaɗai ba. Wanda bai da kwamfutar da za ta ɗauki FlexSim ya yi da SimPy a Python, kyauta ce, ya nemi FilterStore. Kilas ref, karɓi takardar sunaye kafin su watse.