Mu Shirya Ƙannenmu Tun Suna Gida

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu dattawa, yayye da ƙanne, barkanmu da sake haɗuwa. Na san wasu daga aikin dare suka wuto nan, don haka ba zan tsawaita ba.

Kusan kowa a zauren nan akwai saƙon wani yaro a wayarsa, daga Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri: "Yaya, a jawo ni Kanada." Mu kuma sai mu ce Allah ya nufa, mu yi shiru. Wallahi shirun nan yana cutar da su.

Ƙasar nan ta Kanada da maki take ɗaukar ma'aikata 'yan ƙasar waje tun 1967. Tsarin neman zama na dindindin mai suna Express Entry da aka fara a Janairun 2015 yana jera masu nema a kan maki 1,200, kuma zamanka a nan da takardar zama ta dindindin maki 15 kacal yake ƙara wa ƙaninka. Sauran nasa ne: shekarunsa, karatunsa, harshensa, da aikin da ya yi.

Shekarun ne suka fi damuna. Daga 20 zuwa 29 ake samun cikakken maki, daga 30 ya fara zubewa duk shekara, a 45 babu ko ɗaya. Ɗan yayata ya yi kusan shekara yana zirga-zirgar gyara sunansa, domin yadda aka rubuta shi a takardar sakandare daban, a fasfo daban. Kafin ya gama, sakamakon jarrabawarsa ta Turanci, wato IELTS, ya mutu, don shekara 2 kawai yake yi, shi kuma ya cika 30. Na yi kuka a ranar, saboda da na zauna da shi tun yana hidimar ƙasa da ba haka ba. A gaya musu su daidaita suna, su aika takardun digiri a tantance da wuri, sakamakon tantancewar yana kai shekara 5 bai lalace ba, su kuma karɓi wasiƙar shaidar aiki duk inda suka bari.

Ga wata dama da Allah ya ba mu mutanen Kebbi muna kallonta. Muna iyaka da Nijar da Benin. Daga Kamba zuwa Gaya ta Nijar tafiyar nawa ce? Faransanci yana iya ƙara maki har 50, kuma tun 2023 ake ware gayyata ta musamman ga masu jin sa. Yaron da ya fara koyo yau, cikin shekara biyu ya isa zama jarrabawar Faransanci ta TEF.

Masu karɓar kuɗi su haɗa takardun bogi kuwa, ku raba yaranmu da su. Duk wanda aka kama da ƙarya, shekara 5 za a hana shi shigowa.

Roƙona, ranka ya daɗe Shugaba, a ware mutum biyar da za su riƙa zama da yaran gida ta waya Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ni na ba da sunana. Wanda zai iya, ya ga sakatare kafin a kawo abinci. Na gode.