Sharhi: Ƙwallon da Ba a Taɓa Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a filin kurket yake, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda don tara maki, kuma bari mu fara da birnin Perth na ƙasar Ostireliya, a watan Nuwamban 2024.

Wani matashi ɗan Indiya, Yashasvi Jaiswal, mai shekara 22 a lokacin, ya fito riƙe da sanda a karonsa na farko a wasan kwana biyar a wannan ƙasa. Mai jifan da ke gabansa shi ne Mitchell Starc, dogo, bahago, tsohon hannu. Jifa na takwas da ya fuskanta, ƙwallon ta zo ɗan nesa da jikinsa, yaron ya kai mata sanda da ƙarfi kamar yadda ya saba a gida. Sai ta goge gefen sandar, ta tafi hannun mai cafe da ke tsaye a bayansa ta gefe. Ya koma ɗakin 'yan wasa ba ko maki ɗaya.

Wannan fa shi ne yaron da a gasar IPL ta 2023, wato gasar gajeren wasan T20 ta ƙungiyoyin Indiya, ya tara maki 50 cikin jifa 13 kacal, abin da ba a taɓa yi ba a gasar. Hannu yana da shi, ido yana da shi. To me ya faru?

Abin da ya faru shi ne wasan ba ɗaya ba ne, ko da yake sandar ɗaya ce. A gajeren wasan T20, jifa 120 ne rabon kowane ɓangare, cikin kamar awa uku an tashi. Duk ƙwallon da ka bari ta wuce asara ce. A wasan Test kuwa, ana son a yi jifa 540 a yini guda, har kwana biyar, da jar ƙwallo wadda ba a sauya ta sai ta sha jifa 480. Nan ba wanda ke koranka. Abin da ke da tsada shi ne ranka a fili, don da zarar an fitar da kai sai dai ka zauna kallo, wataƙila har gobe ko jibi.

Sannan ga baƙunta. Yaron da ya tashi a Mumbai ya saba da fili mai ƙura, inda ƙwallo ba ta cika tashi sama da gwiwa ba. A Perth ƙasar tauri gare ta, ƙwallon da a gida za ta daki turakun nan uku da yake karewa, a can sai ta bi ta samansu ta wuce. A Ingila kuma wata fitinar ce. Ƙwallonsu samfurin Dukes ɗinkin hannu ce, ɗinkin ya fito sosai, idan hadari ya rufe sama sai ka ga tana karkacewa a iska kamar mai rai. Ostireliya da Afirka ta Kudu da Kookaburra suke wasa, Indiya da SG, kowace da halinta. Hannun da ya saba da wannan sai ya sake koyon waccan.

Mu koma Perth. Washegari Jaiswal ya sake fitowa, sai ka ce an sauya mutum. Ƙwallo ta zo ta wajen turakunsa, ya ɗaga sanda sama ya bar ta ta wuce. Ta sake zuwa, ya sake ɗagawa. Wadda ta nufo jikinsa ya jira ta har ta iso ƙarƙashin idonsa, ya tare ta da hannu sake-sake, yadda ko ta goge gefe za ta faɗi ƙasa kafin ta kai ga masu cafe. Sai da ya fuskanci jifa 123 kafin ya kai maki 50. Shi da KL Rahul suka haɗa 201 kafin a raba su. Da masu jifa suka gaji, ƙwallo ta tsufa, ɗinkinta ya kwanta, sai asalin yaron ya fito: makinsa na ɗari ma da ya cika, ƙwallon mai jifan Ostireliya Josh Hazlewood ya ɗaga ta saman kansa har wajen fili. Ya ƙare da 161, Indiya ta ci da ratar maki 295.

Akwai tsofaffin 'yan wasa da ke cewa T20 ta lalata yaran yanzu. Ni ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. Virat Kohli na Indiya ba ƙaramin gwani ba ne, amma a 2014 da ya je Ingila yana ɗan shekara 25, maki 134 ya tara a fitowa goma da ya yi riƙe da sanda. Mai jifan Ingila James Anderson ya gano lagonsa, ya riƙa ajiye masa ƙwallo a wannan 'yar tazara ta gefen turaku, ya fitar da shi sau huɗu. Da ya koma a 2018, ya matso gaba da layinsa don ya tare ƙwallon kafin ta gama karkacewa, ya kuma koyi kame hannu. Ya tara 593, Anderson bai samu ya fitar da shi ko sau ɗaya ba. Kafin shi ma, Sachin Tendulkar a Sydney a 2004 ya lura bugu ɗaya ne yake ta jawo masa fita, wanda kuma yake ƙauna, sai ya haramta wa kansa shi, ya yi 241 ba a fitar da shi ba. Ashe ciwon ya girmi T20.

Abin da T20 ta ƙara shi ne rashin tsoro, kuma yana da rana. A Brisbane a Janairun 2021, Indiya na neman 328 a filin Gabba, inda rabon Ostireliya da shan kashi tun 1988. Shubman Gill ya yi 91, Rishabh Pant ya ƙarasa da 89. Sai dai kada a manta da Cheteshwar Pujara, wanda ya tsaya jifa 211 don maki 56, ƙwallo na dukansa a hular kwano da haƙarƙari da yatsu. Da bazarsa yaran suka yi rawa.

Inda nake jin tausayin matasan shi ne yadda ake jefa su ruwa ba a gwada zurfinsa ba. A da, ƙungiya kan isa ƙasa da makonni, ta buga wasannin share fage da ƙungiyoyin jihohi ko gundumomi. Yanzu jadawali ya cushe da gasannin kuɗi, sau da yawa yaro ya sauka daga jirgi, 'yan kwanaki a ragar atisaye, sai ga shi gaban Starc. Dubi Sam Konstas na Ostireliya. Yana ɗan shekara 19 ya fara a Melbourne ranar 26 ga Disamban 2024, ya riƙa ɗaga ƙwallon mai jifan Indiya Jasprit Bumrah ta bayan mai tsaron turaku, ya yi 60 cikin jifa 65, filin ya kaure da sowa. Wata shida bayan nan aka tafi da shi tsibiran Karibiyan, inda ake amfani da Dukes a filaye marasa tabbas. Fitowa shida, maki 50 jimilla. Da aka zo zaɓen 'yan wasan da za su kara da Ingila a ƙarshen 2025, ba a kira sunansa ba.