Yadda ake sauya shokar gaba ta tsohon keken hawan dutse

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan keke. Na gwanjo ne, ƙirar shekarun 1990, firam ɗinsa garau, amma shokar gaba ta mutu murus. Kun ga na danna ta, ta sauka, ta ƙi tasowa. Shokoki da yawa na wancan lokaci, irin su Manitou na farko da RockShox Judy ta 1995, curin roba ne a cikinsu maimakon sifirin. Bayan shekara talatin, robar ko ta ƙandare kamar dutse, ko ta narke ta koma kamar danƙo.

Kafin ka nufi kasuwa, ɗauko tef ɗin awo. Aikin nan rabinsa awo ne.

Fara da bututun da ke ratsa wuyan firam, wanda kan keke ke riƙe da shi. A tsofaffin kekuna yawanci kaurinsa iri biyu ne: milimita 25.4, wato inci ɗaya, ko milimita 28.6. Sababbin shokoki na yanzu yawanci gindin bututunsu ya buɗe har inci ɗaya da rabi, ba zai shiga wannan wuyan ba ko da guduma. Miƙaƙƙe za ka nema. In kuma ka ga babban noti a saman wuyan, wanda ake kamawa da sufana, to bututunka mai zare ne. Sabuwar ba ta da zare, saboda haka sai ka sauya boris ɗin wuyan da mariƙin kan, wato ƙarfen da ke haɗa kan keke da bututun, gaba ɗaya. Sa wannan a lissafin kuɗinka tun yanzu.

Taya inci 26 ce. Birkin kuma irin mai matse rim ne, don haka dole shokar ta zo da ƴan sandunan nan biyu da yake zama a kansu. Da yawa yanzu faifan birki kaɗai aka yi musu wuri.

Ga inda aka fi tafka kuskure. Auna daga tsakiyar gatarin taya, wato ƙarfen da take juyawa a kai, zuwa kafaɗar shokar inda ta haɗu da firam, don ka kwatanta da tsawon sabuwar. Wannan keken an ƙera shi ne don shoka mai nutsewa milimita 63 zuwa 80. Mai shago zai nuna maka doguwa mai 120 ko 140, ya ce Alhaji wannan ta fi laushi. Gaskiyarsa, ta fi. Amma duk ƙarin tsawon milimita 20 yana kwantar da kusurwar wuya kusan digiri ɗaya. Gaban keke ya ɗaga, kai ya yi nauyin juyawa, a hawan tudu tayar gaba ta riƙa yawo. Abin da ya fi damuna kuma shi ne waldar wuya, domin doguwar shoka tana ɓanɓarar ta kamar yadda ake ɓalle ƙusa da dogon ƙarfe. Ni dai ba na wuce ƙarin milimita 20. In keken cikin gari kake hawa, zuwa makaranta ko shago, fok na ƙarfe marar shoka, wato sandararrun ƙafafu biyu masu riƙe tayar gaba, mai tsawon da ya dace ya fi araha, ya fi sauƙin nauyi, ƙurar hunturu kuma ba ta da abin da za ta ɓata masa.

To, mu kwance. Cire taya, cire birki, sassauta notunan mariƙin kai da alanki. Tallabi shokar da hannu ɗaya kar ta faɗo maka a ƙafa. Boris da zobba ka jera su a kan tsumma yadda suka fito.

Kun ga wannan siririn zoben da ke maƙale a kafaɗar tsohuwar? A kansa boris na ƙasa ke gudu, sabuwar kuwa ba ta zuwa da shi. Ɓamɓare shi a hankali da sukundireba, bugu kaɗan nan, kaɗan can. Shafa giris, zura shi a sabon bututu, ka sa guntun fayif na roba ka buga har ya zauna daram. In ya karkace ko da kaɗan, kan keke zai riƙa kamewa.

Yanka. Kar ka kwaikwayi tsawon tsohuwar da ido. Haɗa komai tukuna, boris, zobba, mariƙi, ka yi alama a saman mariƙin, sannan ka yanka milimita 3 ƙasa da alamar. Na taɓa yin gaggawa a nan, sabuwar shoka ta tashi a banza, don ƙarfen da aka yanke ba ya tsirowa. In kana shakka, bar tsawo, ka cike da zobba. Zarto mai ƙananan haƙora, sai magagari ya goge bakin.

Akwai wani noti mai kama da tauraro, wanda murfin saman bututu ke ɗauruwa da shi. A cikin bututu yake zama, zurfin kusan milimita 15, a miƙe.

Ɗaurin yana da tsari. Murfin sama ake fara ɗaurewa, kaɗan-kaɗan, aikinsa matse boris ne kawai. Bayan nan ka daidaita kai da taya, ka ɗaure notunan gefe, yawanci Nm 5 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, adadin na rubuce a jikin mariƙin. Mayar da birki da taya.

Yanzu kama birkin gaba, ɗora yatsu a wuyan, ka jijjiga keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, sassauta na gefe, ƙara wa murfin kwatan juyi, sake ɗaurewa. Ɗaga gaban ka karkata shi. Kun ga yadda kan ya faɗa gefe da kansa, ba kamewa? Haka ake so.